Tasar Kaka Ta Je Sansani

A gidanmu na Maamobi babu mai murna da ɗauke wuta sai Kaka. Da zarar fanka ta tsaya, talabijin ɗin ɗakin Malam Isifu ya yi tsit, sai ka ji 'yan haya suna tsaki suna tsine wa masu wuta. Ita kuwa sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da kurfoti, murhunta na gawayi, tana murmushi, don ta san yaran gidan sun dawo hannunta. Takan bari sai ta idar da sallar isha'i, ta ƙara gawayi, ta ɗora tukunyar waken da za ta sayar da safe, sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ga baƙuwa can tafe, wa zai ba ta wurin zama?" Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "Ta zo, mun matsa mata." In wani bai amsa ba, tatsuniya ba ta shigowa. Sai Kaka ta kama gyaran wuta kamar ba ita ta tara mu ba.

Kaka uwar babanmu ce, kuma Musulma ce har ta koma ga Mahaliccinta. Mu kuwa Kirista ne, don Baba ya shiga coci lokacin da ya auri mamanmu. An ce Kaka ta yi fushinta ta gama tun kafin a haife ni. Ni dai abin da na tashi na gani, ranar Juma'a ita ke ba mu masar sadaka, ranar Lahadi kuma ita ke buga mana ƙofa tana cewa, "Ku tashi, masu zuwa wurin Allah ba sa makara." Abin da ba ta yafe mana ba shi ne Hausarmu ta zango, wadda muke cakuɗawa da Tuwi da Turanci. Takan ce bakinmu kamar kasuwar Nima yake, kowa da abin da yake talla.

Ina 'yar shekara goma sha uku mama ta rasu. Baba direban trotro ne, motar haya ta cikin gari, yana fita tun asuba, don haka ni da ƙanena Iliya muka koma ɗakin Kaka. Iliya bai yi kuka sosai ba, amma ya daina cin abinci. Wuyansa ya yi tsawo, wandonsa ya fara zamewa. Kaka ba ta lallashe shi ba, ba ta kuma yi masa tsawa ba. Wata babbar tasa ta fiddo daga ƙarƙashin gado, fara mai jan baki, fentinta ya ɓare a gefe guda. A ciki take tuƙa mana tuwon zafi da miyar ayoyo, ta kira duk yaran gidan, Musulmi da Kirista, a zauna a tabarma ɗaya. A cikin wawason nan Iliya yake ci. Ni a lokacin ban ga wata dabara a ciki ba, na ɗauka Kaka ce kawai ba ta son wanke kwanuka da yawa.

Da dogon hutu ya zo, Fasto ya sanar cewa matasan cocinmu za su tafi sansani na mako guda a tsaunukan Aburi, tare da matasan wasu coci-coci. Mu a bakinmu "kam" muke ce masa, da Turanci. Iliya bai cika shekarun zuwa ba, amma mai koya mana waƙa ya roƙa masa, don shi ya zaɓa ya buga ƙaramar ganga a taron rufewa. Tun rasuwar mama ban ga yaron nan ya so wani abu ba sai gangar nan. Dare da rana yana kaɗa bokitin wanka, har Malam Isifu ya ce zai kai ƙararmu wurin mai gida.

An ce kowane yaro ya zo da bargo da bokiti da faranti da cokali. Da Kaka ta ji maganar faranti sai ta ajiye muciya. "Kowa da farantinsa? Asibiti za a kwantar da su?" Iyayen sauran yaran, waɗanda duk a zango suka girma, suka ga ai gaskiya ta faɗa. Mu da za mu tafi daga unguwarmu ba mu kai goma ba, tasar Kaka ta ishe mu har da saura. Aka daddale a kan haka, aka ɗaure ta da tsohon zani, aka ce ni zan ɗauka tunda ni ce babba.

Daren da za mu tafi akwai wuta, amma Kaka ta aika aka ce wa Malam Isifu ya rage muryar talabijin. Bayan mun ba baƙuwa wurin zama, sai ta ba mu labarin Yunwa. Ta ce Yunwa tsohuwa ce siririya, mai dogayen yatsu, ba ta da gidan kanta, kullum yawon neman masauki take. Ta isa wani gida ta tarar ana cin tuwo a kwano ɗaya, gwiwa ta haɗu da gwiwa. Ta zaga ta dama, ta zaga ta hagu, ba ta sami ko wurin sa ƙafa ba, ta yi tsaki ta wuce. Sai ta isa gidan wani attajiri wanda ya dawo daga fatauci ya sayo wa kowane ɗa kwanonsa mai zane. Kowa ya ɗauki nasa ya nemi lungu, ya juya wa 'yan'uwansa baya. Yunwa ta ce, "Alhamdu lillahi, yau na ga gidan da aka yi mini shimfiɗa." Ta zauna kusa da wannan, ta koma kusa da wancan, duk lomar da yaro ya ɗauka sai ta riga shi shanye daɗinta. Rumbu cike, yara suna ramewa.

"Ba wanda ya gan ta, Kaka?" in ji Iliya.

"Ba a ganinta, ɗan nan. Sai dai ka ji tuwo ya zama ƙasa a bakinka."

Ta ce ana nan sai kwanon autar gidan ya faɗi ya fashe. Ta ji tsoron faɗa wa ubanta, ta lallaɓa ta zauna jikin yayanta ta sa hannu a nasa. Yunwa ta ɗan muskuta. Na biyu ya ga suna dariya, ya kawo nasa ya juye. Yunwa ta ƙara matsawa. Kafin a jima an cike tabarma, tsohuwa ta faɗa kan turɓaya ƙafafu a sama. Kaka ta kwaikwayi faɗuwar har ɗankwalinta ya zame, muka yi ta dariya muna matse juna don kada a bar gurbi. Sannan ta ce, "Baƙuwa ta kaɗe zaninta, kowa ya nemi makwanci."

Sansanin a wata makarantar kwana aka yi shi, can bisa tudu, inda gajimare ke shigowa har cikin aji da safe. Mu 'yan Maamobi da muka saba da zafin ɗakin kwano sai karkarwa muke. Yaran unguwannin Osu da Adenta suka fito da farantai masu sheƙi, kowanne da sunan mai shi a gindi. Da aka buga ƙararrawar abinci, na kwance zani na shiga layi da tasa a kai, sauran suna biye da ni. Ɗakin cin abincin ya kwashe da dariya. Wani ya tambaya ko wanki muka zo yi. Shugabar sansanin, Anti Naa, wata malamar jinya mai faɗa da kirki a haɗe, ta ce ba za a ci da hannu a kwano ɗaya ba, kada ciwon ciki ya zaga yara. Ta raba mana farantan roba, aka kai tasar bayan kicin ana wanke cokula a ciki. Na ji zafin abin, amma na haɗiye.

Sauran abubuwan sansanin sun yi mini daɗi ƙwarai. Da asuba addu'a da waƙa, da hantsi karatu a gindin itatuwa, da yamma ƙwallo da jan igiya, inda muka rama dariyar da aka yi mana. Amma Iliya bai ci komai ba. A kan dogon benci ake zama, kowa ya fuskanci farantinsa. Shi sai ya yi ta juya shinkafa da cokali har a buga ƙararrawar tashi. Rana ta farko na ce baƙunta ce. Rana ta biyu na yi masa faɗa, ya ce, "Ba na jin yunwa kraa, ko kaɗan." Anti Naa ta taɓa goshinsa, ta duba idonsa, ta haɗa masa shayi mai kauri da burodi, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. A wurin gwajin waƙa sandar ganga ta suɓuce masa, ya zauna a ƙasa yana haki.

Anti Naa ta kira ni gefe ta ce, "Rahila, ba zan riƙe yaron da ba ya ci ba. In bai ci abincin rana gobe ba, motar da ke kawo burodi za ta mayar da shi gida." Ba mugunta ba ce, tsoro ne a fuskarta. Amma na san in aka raba Iliya da gangar nan, zai koma cikin shirun da muka sha wuya kafin ya fito.

Washegari da safe na zauna kusa da shi da kokona. Yana can ƙarshen benci, tsakaninsa da na gaba da shi akwai wurin mutum guda. Ya jawo hannun rigata ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, tana nan fa."

"Wa?"

"Tsohuwar. Ga wurin da aka bar mata."

Na dubi gurbin nan. Sai a lokacin na gane abin da Kaka take yi duk watannin nan, da dalilin da ya sa ta ɗora mini tasa.

Na sami Anti Naa na gaya mata komai, tun daga rasuwar mama har zuwa Yunwa da dogayen yatsunta. Na zaci za ta yi dariya. Sai ta ce, "Sau ɗaya zan gwada. Amma kowa ya wanke hannu da sabulu, a gabana." Muka ɗauko tasa muka goge ta tas. Da rana muka karɓi abincinmu a farantai kamar kowa, muka fita baranda muka juye shi wuri ɗaya, shinkafa da miya da soyayyen kifi. Muka zauna a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa, Iliya a tsakiya. Na yi addu'a a gurguje, na kuma gargaɗe su da ido kada wanda ya kalle shi.

Akwai wani Yohana a cikinmu, sarkin haɗama, wanda ko a gida sai Kaka ta buge masa hannu. Ya cinye kifinsa, ya miƙa hannu gaban Iliya. Sai na ji tas! Iliya ya make shi. "Chale, nawa ne!" Ya dumbuzi kifin da shinkafa ya kai baki don kada a ƙwace, ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Ban taɓa son haɗamar Yohana ba sai ran nan. Anti Naa tana tsaye jikin ginshiƙi, ta juya baya tana gyara tabaranta, ta daɗe tana gyarawa.

Motar burodi ta koma ba fasinja. Kashegari wata yarinya 'yar Osu ta zo da farantinta ta tsaya a kanmu, muka matsa mata. Kafin ƙarshen mako sai an yi layi biyu, na sabulu da na tasa, har masu tambayar ko wanki muka zo yi suna roƙon gurbi. A taron rufewa Iliya ya buga gangarsa da sauri fiye da kima, mawaƙa suna bin sa a guje, amma ba wanda ya damu.

Da muka dawo Maamobi, Kaka ba ta tambaye mu abin da aka koya mana ba. Ta kama tsintsiyar hannun Iliya ta jinjina, ta karɓi tasarta ta duba ciki da waje, ta ce, "Hannu nawa suka shiga?" Na ce, "Kaka, ba su ƙirguwa." Ta ce, "To, kun yi ibada."

Na daɗe ina ɗaukar labarin Yunwa a matsayin wayon sa yaro ya ci abinci. Sai da na girma, na kama ɗakina ni kaɗai a unguwar Malam, na sayi farantai masu kyau, na san tsohuwar nan ba cikin mutum kaɗai take nema ba. Wanda aka yi wa rashi, ko baƙo, ko wanda aka yi wa dariya, duk da gurbi a gefensu, kuma ba da magana ake cike shi ba. Kaka ba ta taɓa ce wa Iliya ya yi haƙuri ba. Yara ta tara masa har baƙin cikin ya rasa wurin zama.

Bayan shekaru masu yawa Kaka ta rasu, aka yi mata sutura irin ta addininta. Gida ya cika da masu gaisuwa, 'yan masallaci da 'yan coci a rumfa ɗaya. Baba, wanda furfura ta riga ta cika masa kai, ya koma ƙofar ɗakinta ya zauna shi kaɗai. An kai masa abinci a faranti har sau nawa, yana dawowa yadda aka kai shi. Ranar sadakar uku sai na ga Iliya, wanda yanzu shi ke kai matasan cocinmu sansani, ya durƙusa ya jawo tasar daga ƙarƙashin gado. Ya cika ta da tuwo, ya kira Malam Isifu, ya kira Fasto, ya kira Yohana da tumbinsa. Suka kewaye Baba a tabarma. Iliya ya zauna jikinsa har kafaɗarsu ta haɗu, ya ce, "Baba, matso. Kada a bar mata wuri."

Baba ya dube shi, ya dubi tasar, ya naɗe hannun riga.