Albasar da Baba Ayuba ya hana a dafa

Wata rana a Jos, ina dawowa daga aiki, na tarar da maƙwabciyata Mama Larai a gindin katanga da fartanya, idonta ya yi ja.

Mijinta, Baba Ayuba, ya rasu da damina, lokacin da furen gladiyolas ɗinsa ke buɗewa. Furen nan mai ganye kamar takobi, ja da fari a jere kan dogon kara.

Tun daga ranar take ba su ruwa safe da yamma. Duk da haka ganyen ya koma ruwan ɗorawa, ya kwanta.

Ta ce min, "Maman Nafisa, abu ɗaya ya bar min, na kashe shi. Bari in tuge in huta."

Nima ina shuka furen nan. Na ce, "Mama, ara min fartanyar. Mu duba ƙasa tukuna."

Na tona daga gefe, a hankali, don kada in sare abin da ke ciki.

Tsohon kan furen mai kama da albasa da Baba ya binne ya motse, ya bushe. Amma a bisansa ga sabo, ƙato, da ƙananan 'ya'ya manne da shi kamar gyaɗa.

Mama ta ɗauka tana jujjuyawa. Sai ta tafa hannu.

"La ila! Ashe ita ce albasar da yake ɓoyewa a kwando duk rani! Kullum ina mita, wace irin albasa ce ba a sa ta a miya?"

"Ita ce, Mama. Ba mutuwa suka yi ba, hutu suke so. A tono, a shanya a inuwa, a ajiye sai ruwa ya sauka."

"Kai, tsohon nan! Ya tara 'ya'ya a ƙasa bai faɗa min ba!"

Ta yi dariya har da hawaye.

Kwandon yana nan a sito inda ya rataye shi. Muka cika shi.

Da damina ta dawo, ta shuka rabi, ta rarraba wa maƙwabta rabi. Yanzu layinmu gida-gida ja da fari ne. Ba mai cewa gladiyolas. Albasar Baba Ayuba ake cewa.

Darasi: Ganye ya bushe ba ya nufin komai ya ƙare. Kafin ka tuge abin da kake ƙauna, ka tona a hankali ka gani.

Ku tura wa wanda ya ɗauki fartanya yau.