Hannun Innar Sa'a Zai Tafi Abuja

"Ke Sa'a, ina kawunansu?"

Tambayar da na yi wa ɗiyata ke nan da ta baza hotuna goma bisa tabarma. Ita ta ɗauke su, kuma wai an zaɓe su za a kafa a Abuja! Hannuwan mata ne zalla: mai tatsar nono a Galadi, mai sussuka a Banga. Ni da bokona ya tsaya aji huɗu, na san hoto da fuska yake.

Ta ce, "Baba, ba su son a nuna fuskarsu, kuma hannu ba ya ƙarya. Na Inna na ciki. Nuna shi."

Innarta na tsaye bayana da muciya. "To Malam, bismilla."

Jama'a, zufa ta karyo mani! Can a wani hoto na hango tabon man ƙuli a babban yatsa, ƙunar shekarar da aka ba mu jiha. Na dangwala yatsa bisa hoton.

Ta aje muciya tana murmushi.

Hannun ga ya daɗe yana ciyar da ni, sai da zai tafi Abuja na dube shi. Magidanta, tsakani da Allah, wa zai ci jarrabawar ga?