Fuskar da Aeltje Ta Hana a Taɓa

A shagon buga hotuna a Haarlem, wata tsohuwa, Aeltje, tana warware allon jan ƙarfe daga tsumma. Marigayi mijinta ne ya sassaƙa Venus, gunkiyar soyayya, a kansa. Yawan bugu ya cinye zanen, ga shi kuma da sayar da hoton take cin abinci.

"Inna, kawo in sake bin layukan," in ji Wouter mai shagon. "Har karkataccen hancin nan zan miƙe mata."

Tsohuwar ta shafa nata karkataccen hancin.

"Bi gajimaren da tattabarun, ɗan nan. Bar fuskar."

"Wa zai sayi Venus marar fuska?"

"Kar su saya. Hannu ɗaya ne ya san ta."