Ɗigo Huɗu da Kujerar Surukinsa

A shagon da ake yanka katako da inji ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Ɗigo Huɗu ake ce masa, har mai kawo musu ruwan sha. Bakinsa ne ya jawo masa, don kullum yana cewa duk lanƙwasar da ta wuce ɗigo huɗu, mai zanenta bai san inda ya dosa ba.

Aikinsa gyaran zanen wasu ne. Masu zane kan turo fayil na ƙofofi da tebura da kan gado, shi kuma ya buɗe a manhajar zana siffofi ya tsabtace kafin a miƙa wa inji. A cikin manhajar layi yana bin ɗigo-ɗigo ne, kamar zaren da aka ja a kan ƙusoshi, inji kuwa duk ɗigon da ya iske sai ya ɗan tsaya sun gaisa. Da'irar da ɗigo huɗu sun ishe ta sai wani ya turo ta da dubu uku, inji ya wuni yana rawar ɗari, gefen katako ya fito kamar ɓera ya gaigaye shi. Irin wannan fayil in ya zo, Ɗigo Huɗu kan gyara zaman tabarau, ya yi tsaki ɗaya tak, ya hau gogewa.

Ɗan kafinta ne, na bakwai cikin goma sha ɗaya. Ubansa bai taɓa barin kaifi a gefen tebur ba, wai ya gaji da ganin ƙulu a goshin 'ya'yansa. Shi ma ya shekara ashirin da rula da kamfas da fensir a bayan kunne, sai da ya kai shekara arba'in da uku a duniya mai shago ya sayo injin tare da wata tsohuwar kwamfuta. A makon farko ya ja linzamin kwamfutar har ya kai bakin tebur, ya ce a ƙaro masa tebur. Kwamfutar ce ta koya masa tsimi, don in zane ya yi nauyi sai ta sandare, mutum ya je ya ci abinci ya dawo tana nan tana tunani. Ya koyi zana rabin abu ya sa manhaja ta juyo ɗaya rabin kamar a madubi. Ƙafar tebur ɗaya yake yi ya kwafa sau uku. Gefuna kuwa ba ya dakushe kaifinsu sai a ƙarshe, ya tattara su duka ya yi musu kuɗin goro.

Da ya tsaya a shago da an zauna lafiya, amma sai ya kai halin gida. Matarsa mace ce da in za ta gaya maka gishiri ya ƙare, daga maƙwabciyar gwaggonta za ta faro. Wata rana tana tsakiyar labari ya ce mata ta tsallake zuwa ɗigon ƙarshe. Ta tsallake kuwa. Kwana uku ba ta ce masa komai ba sai "ga shi" da "to", har da kansa ya roƙi a dawo masa da gwaggo.

Surukinsa tsohon mai gyaran agogo ne, kuma yana da wata kujerar katako da ya shekara talatin da biyar a kanta. Da gara ta cinye mata ƙafa ɗaya, matar ta ce ai kunya ce a ce mijinta na ƙera wa duniya kujeru, mahaifinta na zaune kan ƙafa uku. Ɗigo Huɗu ya ɗauki abin da zafi. Ya aro na'urar ɗaukar siffa wurin wani abokinsa mai ƙera ƙafar roba, ya zagaya kujerar da ita, ya dawo shago da ɗigo miliyan biyu, har da rabin silifas ɗin tsoho da wutsiyar kyanwa. Kwamfuta ta gani ta suma. Dogo, dattijon da ke kula da inji, ya tsaya yana yi mata fifita da kwali yana cewa ta yi haƙuri, surukuta ce ta jawo.

Kwana uku yana ragewa. Da siffar ta fito sarai sai ya ga ɓangaren dama lafiya lau, na hagu kuwa duk ya lalace: mazaunin ya lotsa, hannun kujera ya yi rami, majingina ta murɗe. Ya goge hagu baki ɗaya, ya juyo dama ta maye gurbinta. Kujera ta fito tsaf, ko ta ina ka dube ta ɗaya ce, inji ya yanke ta kafin Dogo ya gama shan shayi. Babban fayil ɗin kuma ya share shi, don ba ya son tarkace.

Ranar da aka kai, tsoho ya zauna a hankali, ya gyara, ya sake gyarawa, ya ɗan zame gefe ya dafe bango.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Kujera ce ta gaske. Irin ta ofishin da ake sa mutum jira."

Ɗigo Huɗu ya ɗauka yabo ne. Bayan mako guda ya koma gaisuwa ya tarar da sabuwar kujera ɗauke da rediyo da ninkakkun kaya, tsoho kuwa yana kan tsohuwarsa, an tokare ta da bulo biyu. A hanyar gida ya tambayi matarsa dalili, ta ce za ta faɗa, amma daga farko za ta faro. Ya saurara, ba yadda zai yi. Aka bi ta kan auren iyayenta, da gidan haya mai taga ɗaya, da rigimar mai gidan, sannan aka iso wurin. Tagar tana hagu, don haka duk shekarun nan babanta a karkace yake zama yana neman haske, gwiwar hannunsa a wuri ɗaya, har katako ya bi jikinsa, jikin ma ya bi katako. Abin da Ɗigo Huɗu ya goge shi ne kujerar.

Sauri ya haifi nawa. Fayil babu, mai na'ura kuma ya yi tafiya da abarsa. Dogo ne ya kawo shawarar a cika babban tire da yumɓu, a rufe da leda, a sa tsoho ya zauna. Faɗa wa tsohon ne aikin. Mutumin da bai yarda da kwana-kwana ba ya durƙusa gaban surukinsa rabin awa yana zagaye. Ya yi batun lafiyar ƙugu, ya yi batun kyawun yumɓun bana, gumi na bin wuyansa, tiren na gefe kowa na kallonsa.

"Yaro, so kake in zauna cikin laka?" tsohon ya tambaya.

"Eh to, Baba, in ba damuwa."

"To ka faɗa mana tun ɗazu."

Ya zauna, ya karkata hagu yadda ya saba, ya kafa gwiwar hannu a wani curin yumɓun, ya ce abin da sanyi, a ƙara masa minti biyar.

Ɗigo Huɗu ya zaro tsohuwar rularsa da kamfas, ya auna ramin ciki da bai, ya shigar da awon da hannu. Kowane ɗigo sai ya goge shi ya duba, in siffar ta motsa ya mayar, yana cije leɓe. Ɗari biyu da goma sha biyu suka ƙi fita. Dogo ya rubuta adadin da alli a jikin ƙofar shago, ya hana a goge. Da kujerar ta fito a karkace, mai shago ya zaci inji ne ya lalace, har ya fara neman lambar mai gyara.

Tsoho ya zauna a kanta, ya buɗe baki zai yi gyara, barci ya kwashe shi kafin ya kai aya. Ƙorafin daga wajen suruka, matar tsohon, ya fito. Ta ce tsohuwar kujera tana ƙara, da ƙarar take sanin mutumin nan yana motsi ko tana kicin, wannan kuwa shiru kamar ba kowa, sau shida ta leƙo jiya. Ɗigo Huɗu ya karɓi sukudireba ya sassauta ƙusa ɗaya, ya yi ta gwadawa tana saurare daga kicin, har ta ce haka ya yi.

Labari ya bazu cikin tsofaffin da ke zuwa hira wurin mai agogo, kowa da irin karkatarsa. Yanzu Ɗigo Huɗu yana da shekara hamsin da takwas, da kanta guda a bayan shago cike da busasshen yumɓun da masu son kujera suka zauna a kai, kowane da takardarsa: tela, direba, mai awo, malamin lissafi. Sau ɗaya takardu biyu suka sauya wuri, aka kai wa tela kujerar direba, direba ta tela. Wata guda kowannensu na ɗingishi yana zargin tsufa, sai da tela ya je duba direba, aka ba shi wurin zama, ya zauna ya yi ajiyar zuciya ya ƙi tashi. A kafaɗa suka yi musayar. Ɗigo Huɗu da kansa ya ɗauko kujera ɗaya ya ratsa layi biyu na unguwa da ita, yana amsa gaisuwar mutane a taƙaice.