Shawul ɗin 'Yar Maƙwabciya

Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". Ina da cikin fari, ya tsufa, ta hau keke napep daga Jushi har gidana a Samaru, ta ce in koya mata saƙa da kwarashi. Wai 'yar maƙwabciyarta ce ta kusa haihuwa, za ta saƙa wa jaririn shawul. Maƙwabciyar nan kuwa 'ya'yanta duk maza ne. Na san na jaririna ne, ita ma ta san na sani, amma kunya ta ɗaure bakinmu.

Saƙa sana'ata ce, har 'yan jami'a nake koya wa. Akwai ta 'yan koyo, layi kan layi kawai, akwai kuma mai fure, wadda ko ni sai na nutsu. Da na nuna mata samfurinsu, Inna ta dangwala yatsa kan mai furen.

"Inna, wannan da wuya. Ku fara da mai sauƙin."

"Na ce miki na kasa ne?"

Na sha takaici ba kaɗan ba. Hannunta ya saba da tuƙin tuwo, tana matse zare kamar mai ɗaure bakin buhu, kwarashi ya ƙi shiga. Ta saƙa, mu warware, ta sake saƙawa. In na ce ta kawo in yi mata gefe ɗaya, sai ta tura shi ƙarƙashin mayafinta. Shuɗin ulun da take saƙar da shi ya yi ta tsinkewa har ya ƙare. Na ja nauyin cikina zuwa kasuwar Sabon Gari, mai shagon ya ce irin shuɗin nan babu, sai mai duhu. Abin da ya fi ci mini rai, ba halin in ce ta yi sauri, haihuwata ta matso. Sai dai in ce, "Inna, 'yar maƙwabciyar nan fa ƙafafunta sun fara kumbura."

"Ta jira," in ji ta.

Haihuwa ba ta jira ba. Ranar suna, ina gida wankan jego, Inna ta shigo ɗakin da leda ta ajiye a gefen gado, ko kallon jaririn ba ta yi ba. Shawul ɗin shuɗi iri biyu ne, gefe guda ya karkace, furannin ƙarshe babu, zare na reto.

"Waccan ta samu wani," ta ce tana kallon bango. "Ki rufa wa wannan, kar a yi asarar zare."

Da na so, zama ɗaya ya ishe ni in ƙarasa shi. Yaron yanzu har ya shiga makaranta, zaren nan yana nan yana reto.