Ƙaton Gogen da Na Kai Gitata

Na haura hamsin kafin na taɓa abin kiɗa da hannuna. A gidanmu, ko tafi yara suka yi a zaure sai mahaifina ya leƙo ya ga ɗan wane ne. Ina gab da yin ritaya daga aikin gwamnati a Abuja, wani abokin aikina da zai bar ƙasar ya rasa inda zai kai celonsa. Ya ja mini ita sau ɗaya a falonsa, sautin ya shiga ƙirjina ya zauna, na saye ta ban yi shawara da kowa ba. Celo dai irin gogen Turawa ce, sai dai tsayinta ya kusa kai kafaɗar mutum, tsirkiyarta huɗu, da ƙafar ƙarfe ɗaya, kuma a zaune ake rungumar ta tsakanin gwiwoyi. Direban da ya kawo mu Keffi kujerar gaba ya ba ta, ni na zauna a baya.

Wanda ya koya mini wani tsohon malamin makaranta ne ɗan ƙabilar Eggon, mai horar da mawaƙan coci a garin Gitata. Kullum faɗansa ɗaya: hannuna ya yi tauri, wai ina riƙe sandar gogawa kamar biron sa hannu a fayil. Nakan je masa ranar Asabar, sauran kwanaki kuma in shiga ɗakina a unguwar Jigwada bayan la'asar in rufe ƙofa in yi ta fama. Watannin farko, gaskiya, kukan ba daɗi. Matata takan rufe tagogi saboda maƙwabta. Autata kuwa, wadda ba ta raga wa kowa, ta raɗa wa celon suna saniyar Baba, ta ce a riƙa ba ta dusa ko ta yi shiru. Ban kula su ba. A hankali kan yatsun hannuna na hagu suka yi kanta, sautin ya fara fita sumul, ni kuma na samu abin da ya fi mini zaman majalisa ana gulmar 'yan siyasa.

Ana nan autar ta gama jami'a, ta kawo mana yaron da take so, ɗan wani tsohon gida a Angwan Iya. Yaro mai natsuwa, ita kuma ko sunansa aka ambata sai ta rasa inda za ta sa idonta. Danginsa suka shiga bincike kamar yadda aka saba. Wata ranar Laraba baffansa ya yi sallama, dattijo mai magana a hankali. Bayan doguwar gaisuwa ya ce sun tambaya, asali ba laifi, salla ba laifi, sai abu ɗaya: maƙwabta sun ce ana jin goge a gidan nan.

Na ɗauko celon, na zauna, na ja masa abin da na fi iyawa. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Sannan ya tambaye ni wa nake yi wa. Wani basarake ne, ko ɗan siyasa? Na ce a'a. Gidan biki nake zuwa? A'a. To ko na coci ne, tunda an ce malamina can yake? Na ce masa ba na kowa ba ne, jin daɗinsa kawai nake yi.

Ya ɗago kansa. Sannan ya ce, “Alhaji, da ka ce roƙo kake yi, da na san abin da zan faɗa a gida, don sana'a ce. Amma goge a ɗaki a rufe, ba waƙa, ba mai saurare, ka san a garin nan wanda ake yi wa irin wannan ba mutum ba ne.”

Iskoki yake nufi. Ni, da furfurata, a ce ina kiɗan bori a ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na shirya amsar da za ta raka shi bakin titi. Sai idona ya faɗa kan farantin ruwan da autar ta kawo masa, ta jera kofunan da ba a fito da su sai da babban baƙo. Na haɗiye maganata. Na ce ya je ya gaya musu ba za a sake jin ta a gidan nan ba.

Asabar ɗin na kai ta Gitata, malamin ya jingine ta a ɗakin ajiyar cocinsu kusa da ganguna. A gida na ce gyara aka kai ta. Ban sake komawa ba, don kada a ce an gan ni a hanya. La'asar ta zama mini doguwa, na koma majalisa, na yi ta faɗa da mutane a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Aka sa rana, aka ɗaura aure. Da yamma kafin a kai amarya, aka shigo mini da ita a lulluɓe don in yi mata nasiha. Ta durƙusa ta kama hannuna na hagu tana kuka. Ina cikin maganar haƙuri da biyayya na ji tana shafa kan yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Kantar ta ɓace, sun yi laushi kamar na jariri.

Ta ce, “Baba, ashe ba gyara aka kai ta ba.”

Na ce mata motoci na jira. Ta ce ta ji duk abin da baffan ya tambaye ni ranar nan, tana bayan labule.

“Da ka ce masa ni kake yi wa. Tun da ta daina kukan saniya, kullum a gindin tagarka nake tsintar shinkafa.”

Ban iya ƙarasa nasihar ba, gwaggonta ce ta ƙarasa.

Magana zarar bunu ce, ban dawo da celon gida ba har yau. Ranar Asabar dai na koma shiga motar Gitata. Malamin yakan buɗe mini ɗakin ajiyar ya tafi harkarsa. Kafin in fara, sai in kira lambar autar, in ajiye wayar a kan benci kusa da ƙafar celon. Ni ina ja, ita tana saurare. Wani lokaci ina jin ƙarar tukwanenta.