Malam Lauwali da Zanen Ƙarƙashin Tabarma

A shekaru bakwai da na yi ina karatun gini a Jamus, akwai abu ɗaya da malamanmu suka sha faɗa wanda zuciyata ba ta taɓa karɓa ba. Sukan kai mu tsofaffin majami'u masu shekara ɗari biyar, mu ɗaga kai mu ga rufin dutse, bakunan gini masu lanƙwasa suna ratsa juna kamar saƙar raga. Sai su ce maginan wancan zamani ba su yi lissafin nauyi irin namu ba. Wai a kan daɓe suke zana rufin, daidai girmansa, da igiya da ƙusa, sannan su tashe shi sama. Na rubuta haka a jarrabawa kuma na ci, amma a raina ina cewa lallai akwai takardun lissafi da suka ɓace. Ban ga yadda mutum zai ɗora duwatsu bisa kawunan jama'a don kawai ya ja layi a ƙasa ba.

Na dawo Accra a 1986. Ban cika wata uku ba kawuna, Alhaji Dramani, ya aika a kira ni. Shi ne shugaban kwamitin wani ƙaramin masallaci da ke bakin gota, wato babbar magudanar ruwa, a unguwar Maamobi.

"Jalilu, kai ne ka je makaranta," ya ce. "Rufi ya tsage paa, ba kaɗan ba. Gefen can babu mai tsayawa sallah koraa, ko mutum ɗaya, kowa tsoro. Za mu fasa shi mu sa kwano. Ka duba, ka rubuta takarda, ranar Juma'a in karanta wa jama'a."

Na yi yarinta ina sallah a masallacin ba tare da na taɓa ɗaga kai da kyau ba. Ranar na ɗaga. Bakuna huɗu ne na jan bulo, biyu daga gabas zuwa yamma, biyu daga kudu zuwa arewa, sun haɗu a wuri huɗu, tsakaninsu an cike da bulo an shafe. A unguwar da kusan kowane ɗaki kwano ne, ban san wani rufi irinsa ba. Tsagar tana bin gefen kudu, yatsana yana shiga ciki. Na tambayi kawu wa ya gina.

"Lauwali ne, ɗan Nijar ɗin nan. Ya tsufa, aikinsa ma ya tsufa."

An haifi Malam Lauwali a Damagaram, a gidan magina. Mahaifinsa da ƙasa da azara yake aiki, kuma a hannunsa ya koyi ɗaura baka, wato yadda ake fito da itace daga bango kaɗan-kaɗan har gefe biyu su haɗu a sama. Yana da shekara ashirin da wani abu ya biyo motar goro zuwa Kumasi, daga nan ya gangaro Accra. A nan babu mai neman ginin ƙasa. Ya ɗauki kwanon siminti a ka, ya kwaɓa, ya koyi jera bulo, ya yi aiki a gidajen Kokomlemle da shagunan gefen Makola. Da aka kori baƙi a 1969 ya koma gida, bayan shekara biyu ya dawo, don matarsa Safara'u 'yar unguwar Nima ce, ta ce ita ba ta san wani gari ba. A shekarar da ya dawo ne dattawan Maamobi suka ba shi aikin masallacin, suka ce ya yi yadda ya ga dama. Duk sauran abin da ya gina a Accra zanen wani ne. Wannan kaɗai ne nasa.

Na same shi da hantsi a ƙofar gidansa a can ƙarshen Nima, ya miƙe ƙafa ɗaya a kan buhu. Ciwon gwiwa ya hana shi zuwa Maamobi kusan shekara biyu. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ke tafe da ni, ban ɓoye masa maganar fasawa ba. Safara'u ce ta amsa daga bakin murhu inda take dama koko.

"Su fasa? Wata bakwai mutumin nan bai ci abinci da zafi ba saboda rufin nan!"

"Baba," na ce, "ko kana da zanen ginin? In na gani zan iya lissafawa."

"Zane yana nan, ɗan Jamus. Kullum kuna sallah a kansa."

Washegari bayan azahar na ɗauko shi a tasi. Muka shiga ta ƙofar arewa, kawu yana jiranmu da mutum uku na kwamiti. Malam Lauwali bai ko kalli tsagar ba. Ya ce a naɗe tabarmi, a share daɓen, a yayyafa ruwa. Da simintin ya jiƙe sai layuka suka fito, sirara, waɗanda aka ja da bakin ƙusa tun daɓen yana ɗanye. Layi biyu nan, biyu can, daidai ƙarƙashin bakunan. A inda suka ratsa juna akwai ɗan rami kamar ƙwayar gero, guda huɗu. Kusa da ƙofa kuma akwai rabin baka kwance a ƙasa, cikakken girmansa.

Na durƙusa na bi shi da hannu. Abin da malamanmu suka faɗa a Jamus ke nan, na ƙi yarda.

"A kan wannan muka yanka katakon tallafi," in ji Malam Lauwali. "Ƙusa a nan, igiya ɗaya, tsawonta kamu bakwai. Duk bakuna huɗu da ita na ja. In igiya ɗaya ta haife su, babu wanda zai fi ɗan'uwansa tura bango."

"Malam, ba tarihi muka zo ji ba," in ji kawu. "Abu ya tsage."

"Alhaji, kai ma goshinka ya tsage, ba a fasa ka ba. A kawo tsani."

Ya ciro zare mai ƙarfi daga aljihu, an ɗaura masa guntun dalma mai tsini. Ya ce in hau. A kowace mahaɗar bakuna, in na lalaba, zan ji kan ƙusa a cikin shafe. Na ji shi kuwa. Na rataya zaren, dalmar ta yi ta lilo har ta tsaya. Tsininta yana kan ramin daidai. Muka koma mahaɗa ta biyu ta gefen arewa, ita ma daidai. Ta uku, ta gefen kudu, dalmar ta tsaya gefe, wajen bango. Malam Lauwali ya sunkuya da ƙyar ya sa yatsu. Biyu. Ta huɗu ma yatsa biyu, ita ma wajen bangon kudu.

"Ka gani!" in ji kawu. "Ya karkace."

"Ya karkace," Malam Lauwali ya amsa. "Amma ba shi ya fara tafiya ba, bango ya bi. Wa ya taɓa bangon nan ta waje?"

Muka zagaya ta lungu, yana dogara sanda. A jikin bangon kudu akwai famfunan alwala shida a jere, sababbi, ruwa yana kwance a gindinsu. Na tuna abin da ke wurin a da: wani katafaren dakali, tsawon bangon gaba ɗaya, mai faɗi, da majingina uku da suka hau har kusan kafaɗar mutum. A nan dattawa suke zama tsakanin la'asar da magariba.

"Ina dakalina?" in ji Malam Lauwali.

"Mun fasa bara," in ji kawu, muryarsa ta sauka. "Babu wurin alwala. Na saya wa tsofaffi benci, suna zama a inuwar can gaba."

"Da wuya ya fasu?"

Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ya yi dariyar da bai shirya ba. "Kwana biyar, Malam. Dutse ne zalla a ciki. Har muna cewa wane irin mutum ne zai ɓata dutse haka don wurin zama."

"To, ga irin mutumin a gabanku."

Na kwana biyu ina lissafi a kan awon da na ɗauka daga daɓen. Abin da ya fito bai wuce abin da dalma ta faɗa ba. Baka yana tura bango waje. A arewa ɗakin liman da ke gefen ƙofa ne ya tare shi, gabas da yamma gidajen maƙwabta, a kudu kuwa dakalin nan ne kawai. An cire shi, ruwan famfo kuma yana jiƙa gindin bangon. Haka na rubuta: a tokare rufin da katako, a mayar da famfo gaba, a sake gina dakali yadda yake. Kawu ya karanta takardar ranar Juma'a. Da ya zo wurin da ya nuna laifin kwamiti ne, ya yi tari, amma bai tsallake ba.

Malam Lauwali bai iya ɗaukar dutse ba. A kan kujera ya zauna, yana nuna wa magina inda kowanne zai kwanta da bakin sandarsa. Bayan damina muka sake rataya dalmar. Yatsa biyu, ba ƙari. Ya ce ba zai koma ba, amma ba zai ƙara tafiya ba, a cike tsagar. Ya sa ni na huda sabon rami kusa da tsohon, don wanda zai auna bayanmu.

Ranar muna zaune a kan sabon dakalin, na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina.

"Baba, me ya hana ka gaya musu tun farko cewa wannan ne ke riƙe da bango?"

"Da na ce tokari ne, wanda ya fara neman filin kafa kiyos ɗin sayar da kaya zai ce tokarin ya yi yawa, a rage. Shi ya sa na mai da shi wurin zaman dattawa. Na ce a Zongo, unguwar baƙi irin tamu, babu mai tayar da tsoho daga inda yake zaune." Ya shafa gwiwarsa. "Ban kawo a raina wani zai saya musu benci ba."